Koyon binciken salsala a Gombe da Bauchi: ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Sha'awar sanin asali ta dawo da ƙarfinta. A zaurukan WhatsApp na dangi ana ta yawo da zanen salsala, ana kafa ƙungiyoyin zuri'ar wane da wane, a Facebook kuma tallan kwasa-kwasan binciken kakanni sai bin mutum yake yi. Wanda ke zaune a Gombe ko Bauchi da 'yan kuɗinsa a hannu yana da hanyoyi da dama a gabansa: kwas na intanet daga Turai ko Amurka, karatun tarihi a jami'a, zama gaban malamin ajami, tafiya gidan adana takardu a Kaduna, ɗaukar mai bincike haya, ko gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA. Kowacce da kuɗinta, amma ba kowacce aka ɗinka daidai wuyanmu ba.

Kwas na intanet shi ya fi saurin jan hankali. Shafin FamilySearch, wanda cocin Momon da ke jihar Yuta a Amurka ke gudanarwa, yana da darussa kyauta. Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo tana da gajeren kwas na masu farawa, tana kuma ba da babban digiri a fannin. Abin da za ka ƙaru da shi a nan tarbiyyar aiki ce: ka fara daga kanka ka riƙa komawa baya, ka rubuta inda ka samo kowane labari, ka bambanta wanda ya gani da ido da wanda ya ji a bakin wani, kada ka haɗe mutum biyu don kawai sunansu ɗaya. Wannan ilimi ne mai kyau, ba ruwansa da ƙasa.

Matsalar tana wajen takardun da aka gina darussan a kansu. A Ingila gwamnati na rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun 1837. Amurka na ƙidaya duk shekara goma tun 1790, tana kuma buɗe sunayen mutanen bayan shekara 72. Na 1950 a 2022 aka sake su. Mu kuwa dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa da ake aiki da ita a duk faɗin Najeriya ta 1992 ce, ƙidayar zamanin Turawa kuma hankalinta na kan yawan masu biyan haraji da jangali. Saboda haka na kyautan ka yi shi, ka more. Na kuɗin, da shafuka irin su Ancestry da MyHeritage masu cirar dala a katinka duk wata har sai ka tsayar da kanka, ka dakata tukuna, sai dai in kana neman wani ɗan uwa da ya zauna a can.

Akwai kuma maganar suna, wadda babu kwas ɗin waje da zai warware maka. Su sunan gida ɗaya suke bi shekara ɗaruruwa. Mu yaro sunan ubansa yake ɗauka, ɗansa kuma ya ɗauki nasa. Wanda ya shiga makarantar boko a da sau da yawa sunan garinsu aka liƙa masa, kamar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda baffansa ya riƙe, da sunan baffan aka rubuta shi a firamare, har takardar fanshonsa haka take. Ga sunan yanka, ga laƙabin da ya danne shi. Yaron da ya ci sunan kakansa ya koma Abba ko Baffa, yarinya ta koma Ummi ko Dada. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin na miji. A gida ɗaya sai ka tarar da Muhammadu shida cikin zuriya uku, kowanne da sunan da ake kiransa.

Don haka ni a ganina kuɗin farko na mota ne da goro da turare. Tsofaffin gidanku su ne ajin da ya fi kowanne daraja, kuma shi kaɗai ne ba ya jira. Ka fara da mata. Goggo ta san wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya sha nono da wa, wace ce uwar wane a gidan mata huɗu. Maza sun fi riƙe jerin iyaye maza da sarauta. Ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya. Kada ka tara su wuri ɗaya a zaman farko, domin ƙarami ba zai musa wa babba a gaban jama'a ba, ko da ya san an yi kuskure. Kuma kada ka tambayi shekara. Ka ce, “Goggo, lokacin da aka haifi Kawu, jirgin ƙasa ya iso Gombe?” In ta ce, “Ina! Ai yana goye muka je kallonsa,” ka samu abin kamawa, domin dogo ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963. Haka zuwan Sarauniya a 1956, rasuwar Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. In ka ƙara nisa akwai yunwar Kakalaba ta wajen 1914, da zamanin kowane sarki da hakimi. A gidajen da Fulatanci ne harshen tsofaffi, ka tafi da wanda ya iya shi sosai. Labarin da aka ba ka da Hausa don a sauƙaƙa maka yakan zo a taƙaice.

Maroƙa da masu kirarin gidan sarauta sun haddace jerin sunaye da ba kowa ya riƙe ba. Ka saurare su, ka sallame su da kyau, amma ka tuna sana'arsu yabo ce. Wanda bai yi suna ba sukan tsallake shi.

In akwai aji ɗaya da zan ce ka biya kuɗinsa ba tare da ciniki ba, to na karatun ajami da Larabcin tsofaffin takardu ne. Gidaje da yawa a tsohon garin Bauchi, da Nafada, da Dukku, da Misau, da Azare suna da gafaka ko adaka cike da takardun da ba mai iya karantawa: wasiƙu, takardar sayen gida ko gona, rabon gado, da bayan bangon littafi inda malami ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa. Ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu ma taska ne, domin a nan marubuci kan sa sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, wani lokaci har da malaminsa da garinsu. Wanda ya yi Islamiyya kawai zai yi tuntuɓe, saboda rubutun irin na Magariba ne da ake yi a makarantar allo: fa'un ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Shekara ma sau da yawa da ramzi ake rubuta ta, wato haruffa ne ke tsaya wa lambobi. A lissafin da malamanmu ke bi shinun 1000 ce, sinun 300. A na mutanen gabas shinun 300 ce. Wanda ya ɗauko jadawali daga intanet bai lura da wannan ba, zai ɓatar da kakansa da shekara ɗari bakwai. Bayan ka fitar da shekarar Hijira sai ka juya ta zuwa ta Miladiyya: 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882, 1321 kuma a 1903.

Wajen zaɓar malami, kada ka tsaya ga suna. Ka kai masa hoton takarda ɗaya, ka ce, “Allah ya gafarta Malam, a duba mini wannan.” In ya karanta, ya nuna maka inda tawada ta goge ya ce nan ba ya fita, ka zauna a gabansa. In kuwa ya zuba ba gargada har inda gara ta cinye, ka yi godiya ka nemi wani. Takardar asali kuma kada ta bar gida. Hoto ya isa.

Jami'a fa? Sashen tarihi a Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko Bayero, ko ABU Zariya, zai koya maka auna tarihin baka da karanta takardun mulkin mallaka, amma shekara huɗu don gida ɗaya ya yi yawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka je ɗakin karatun sashen ka duba kundayen kammala digiri. Ɗalibai sun sha rubuta tarihin garuruwansu da gundumominsu, kuma a bayan kowane kundi akwai sunayen dattawan da aka yi hira da su.

Kaduna ita ce babbar tafiya. A can reshen Arewa na gidan adana takardun tarihi na ƙasa yake, ga kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, yanzu kuma yana ƙarƙashin ABU. Kafin ka hau mota ka san inda garinku yake a taswirar da, domin ba da sunan jiha aka jera fayiloli ba. Jihar Gombe ta 1996 ce, Jihar Bauchi ta 1976. Kafin nan Jihar Arewa maso Gabas ce, kafin ita kuma Lardin Bauchi. Fayilolin lardin suna ƙarƙashin BAUPROF, na ofishin sakataren Arewa kuma SNP. Ɗan ƙasar Katagum ya leƙa na Kano ma, domin sai a 1926 aka mayar da yankin Lardin Bauchi. Ɗan Gombe ya riƙe cewa fadar ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta dawo Doma, Gomben yanzu, a 1919. In aka ce kakanka haifaffen Gombe ne a zamanin zuwan Turawa, ba garin da ka sani ake nufi ba.

Abin da za ka nema shi ne littafin gunduma da rahotannin ƙiyasin haraji, inda Di'o, wato Baturen mulki, kan rubuta tarihin gari da jerin dagatai, wani sa'in har da zanen salsalar gidan hakimi. A nan ne ya kamata ka yi wa kanka adalci kafin ka kashe kuɗin masauki. In kakanka ya yi hakimi, dagaci, alƙali, ma'aji ko malamin En'e, akwai kyakkyawan zaton ganin sunansa. In manomi ne ko makiyayi, abin da za ka samu labarin ƙauyensu ne, daga ina suka taso, yaushe suka sauka. Wannan ma ba kaɗan ba ne, amma ba suna ba ne. Ka kuma tuna Baturen ta bakin tafinta ya ji, daga wajen wanda ke kan karaga a lokacin, don haka gidan da aka ƙwace wa sarauta ba lallai ya fito da kyau ba. Rubutun sunaye ma yadda kunnensa ya ji ne, sai ka gwada suna ɗaya ta hanya uku. Ka tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, ka ware kwanaki, ba wuni ɗaya ba. Talaka ya fi bayyana a littattafan kotun alƙali, wajen shari'ar gado da gona da aure. Iyalan Kirista a Kaltungo da Billiri da Tafawa Ɓalewa su fara da rajistar baftisma da ta aure a cocinsu.

Wasu gidajen Gombe zaren nasu ba a Najeriya ya ƙare ba. Bayan yaƙin Bormi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'a da yawa sun yi gabas har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu. In ana cewa wani kakanku “ya yi gabas bai dawo ba”, can za ka sa kunne.

In ba ka da lokaci, ɗaukar mai bincike haya ba laifi ba ne, musamman wanda ya karanta tarihi ya saba da Kaduna. Ku yi yarjejeniya a rubuce: biya kashi-kashi, kowane suna ya zo da lambar fayil da hoton shafi, ko sunan wanda ya faɗa da ranar hirar. Ka biya shi ladan nema, ba ladan samowa ba, domin wanda aka ce sai ya samo za a biya shi, to zai samo ko ta halin ƙaƙa. Ka guji wanda tun kafin ya fara ya yi maka albishir da Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ko Yakubun Bauchi ko sharifta. Akwai ɗan lissafin da za ka gwada aikinsa da shi. Daga jihadin 1804 zuwa yau shekara 220 ne da ɗoriya. In ka ba kowace zuriya kimanin shekara 30, sunaye bakwai ko kusa da haka ya kamata a samu tsakaninka da mutumin wancan zamani. In uku aka kawo maka, ko dai an zubar da wasu a hanya, ko an yi maka ɗori.

Gwajin DNA na bar shi a ƙarshe da gangan. Yawu ake tofawa a ɗan bututu a aika waje, a biya da dala har da kuɗin aikawa. Wani gwajin layin uba yake bi, wani layin uwa, wanda aka fi saya kuma yana gano dangi ne na 'yan zuriyoyin kusa, cikin waɗanda su ma suka yi gwajin a kamfani ɗaya. Ba zai ba ka sunan kaka ko na gari ba. Kaso-kaso zai ba ka na manyan yankuna, su ma suna sauyawa duk lokacin da kamfanin ya sabunta lissafinsa. Ga batun sirri: an yi wa kamfanin 23andMe kutse a 2023, bayanan mutum kusan miliyan bakwai suka fita, a 2025 kuma ya shigar da takardar karyewa a kotu. Sakamakon ba naka ne kai kaɗai ba, ya shafi yayyenka da 'ya'yan baffanninka, kuma yana iya tono abin da ya taɓa nasaba da gado, irin maganar da kan kai gida gaban alƙali. Wanda ya nace sai ya yi, ya fara shawartar manyan gidansu da malaminsa, ya kuma karanta sharuɗɗan kamfanin a kan goge bayanai da lalata samfurin yawun kafin ya biya.