Sharhi: Yawon dare a Whitechapel kan sawun Jack the Ripper

Duk wanda ya je Landan kuma yake sha'awar tarihi, akwai yawon ƙafa da ake yi da dare a unguwar Whitechapel, inda jagora ke zagayawa da mutane wuraren da aka kashe mata a shekarar 1888, kisan da ake dangantawa da wani da ba a taɓa gano ko wane ne ba, wanda ake wa laƙabi da Jack the Ripper. Na yanki tikiti ta intanet, muka haɗu kusa da tashar Aldgate East, tafiyar ta ɗauki kusan awa biyu. Ban yi da-na-sanin kuɗina ba, amma ina da ƙorafi biyu.

Kada ka sa ran ganin unguwar kamar yadda take a da. An rushe gida mai lamba 29 a titin Hanbury inda aka tsinci gawar Annie Chapman, titin Dorset inda aka kashe Mary Jane Kelly ranar 9 ga Nuwamba shi ma babu shi. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne titin Goulston, domin ginin yana nan. A wata ƙofarsa ɗan sanda ya tsinci yankin ƙyallen da Catherine Eddowes, ɗaya daga cikin matan da aka kashe, ke ɗaurawa a gaba, jina-jina, a daren 30 ga Satumba, da wani rubutun alli a bango da ya ambaci Yahudawa. Shugaban 'yan sanda, Sir Charles Warren, ya sa aka goge rubutun kafin a ɗauki hotonsa, don gudun kada rikici ya ɓarke. Muna tsaye a wurin, ƙanshin soyayyen kifi na tasowa, jagoran ya nuna mana da yatsa inda ƙyallen ya faɗi.

A wajen bayanin waɗanda ake zargi ne jagoran ya nuna ya san aikinsa. Bai ɓata lokaci kan zancen Yarima Albert Victor, jikan Sarauniya Victoria ba: bayanan fada sun nuna ba ya Landan a ranakun kisan. Likitan sarauniya, Sir William Gull, ya haura shekara 70 kuma ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki tun 1887. Sai ya kawo takardar da Melville Macnaghten, wani babban jami'in 'yan sanda, ya rubuta a 1894 mai sunayen mutum uku da ake zargi. Michael Ostrog daga baya aka gano yana tsare a Faransa. Montague Druitt, lauya kuma malamin makaranta, an tsamo gawarsa a kogin Thames a ƙarshen Disamban 1888, kuma kusan babbar hujjar da ake da ita a kansa ita ce kisan ya tsaya bayan mutuwarsa. A ganina wannan ba hujja ba ce, zato ne kawai.

Ƙorafina na farko kan na ukun ne, Aaron Kosminski, mai aski Bayahude ɗan asalin Poland da aka kai asibitin masu taɓin hankali na Colney Hatch a 1891. Jagoran ya yi magana kamar gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi wa wani mayafi da aka ce na Eddowes ne kuma yana ɗauke da alamar Kosminski, aka fitar da sakamakonsa a 2014 da 2019, ya kashe bakin zancen. Sai da wata mata a cikinmu ta matsa masa da tambaya sannan ya amsa cewa babu mayafin a jerin kayan Eddowes da 'yan sanda suka rubuta, ya shiga hannaye da yawa cikin sama da shekara ɗari, kuma irin gwajin da aka yi na dangin uwa ne, wanda dubban mutane kan yi tarayya a kansa. Ɗora wa mamaci laifin kisa ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata ya faɗi wannan tun farko.

Ni wanda ya tsaya mini a rai shi ne Charles Lechmere, mai tuƙa amalanken doki da aka tarar kusa da gawar Mary Ann Nichols a Buck's Row ranar 31 ga Agusta, ya kuma ba hukuma sunan Cross, na mijin mahaifiyarsa. Amma mutumin da ke kan hanyar zuwa aiki da asuba yana iya cin karo da gawa ba tare da hannunsa a ciki ba.

Ƙorafi na biyu ya fi mini ciwo. An miƙa mana hoton gawar Kelly yana yawo hannu zuwa hannu, wasu har suna ɗauka da waya. Na kawar da kai. Matan nan talauci ne ya fitar da su titi da tsakar dare. Nichols da Chapman duk an sallame su daga gidan kwana saboda ba su da kuɗin gado. Rayuwarsu ba ta samu ko rubu'in lokacin da aka ba waɗanda ake zargi ba.

In za ka je, ka sa takalmi mai daɗin tafiya da rigar sanyi, ka tsaya kusa da jagora saboda ƙarar motoci a titin Commercial tana cinye murya. Kada ka je da yara.