Gwajin zazzaɓin dengi: wanne za ka biya kuɗinka a kai in yaro na tsoron allura?

Tun ƙarshen 2023 da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) ta tabbatar da ɓullar dengi, zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, nan Sakkwato, mutum 13 anka tabbatar a lokacin, mafi yawan waɗanda anka yi zargi a Sakkwato ta Kudu, sai Wamakko da Dange Shuni, mutane ke tambayata ko akwai gwajin da ba a ɗibar jini. Na gane damuwar wallahi, ɗiyar ƙanwata kwana huɗu tana zazzaɓi, an tsikare ta don maleriya babu, an ɗebi jini don taifod, da ta hango farar riga sai ta ƙanƙame zanen uwarta tana kuka, uwar ta ce min "Yaya don Allah a samo wanda ba allura."

To akwai, amma ku ji yadda suke.

Na farko gwajin ɗaure hannu ne da abin awon hawan jini. Ana hura shi a damtse a tsaida tsakanin lambar sama da ta ƙasa na minti 5, a kwance shi, sannan a duba fatar gaban gwiwar hannu a ƙirga 'yan jajayen ɗigo cikin fili kamar inci ɗaya, in sun kai 10 ko sun wuce to akwai alama. Shi ne mafi arha, kusan kyauta ma. Matsalarshi gare mu baƙar fata, ɗigon ba ya fitowa sosai, mu sai da munka fita da yarinyar hasken rana malamar jinya na ja fatar da yatsa kafin ta ga wani abu. Kuma ko bai nuna ba ba a ce babu dengi ba. Manuniya ce kawai.

Gwajin miyau da na fitsari, gaskiya ne masu bincike suna samun ƙwayar cutar a cikinsu, amma ba su kai na jini kamawa ba, kuma har yanzu aikin ɗakin bincike ne. In wani ya tallata maka su a WhatsApp ka riƙe kuɗinka.

Sikanin ba ya ganin dengi. Abin da yake gani ruwan da ya fara tsiyayewa daga jijiya zuwa ciki ko ƙirji, ko fatar madaciya ta yi kauri. Likita ne zai ce a yi in yana jin tsoron cutar ta yi tsanani, kar ka fara da shi.

Ni dai wanda nake cewa a kashe wa kuɗi shi ne NS1, mai gano wani sinadari na ƙwayar dengi a jini, ɗan kaset kamar na maleriya, jini kaɗan yake buƙata, wasu ma na ɗan yatsa ya isa, minti 15 zuwa 20 an gama. Amma fa ƙirga kwana shi ne komai, NS1 yana kamawa daga ranar farko zuwa wajen kwana 5, in ya yi nisa 7, bayan nan sai IgM, gwajin garkuwar da jiki ke yi wa cutar, wanda shi kuma sai wajen kwana 5 yake fara nunawa, kuma yana iya ruɗewa da zazzaɓin shawara (yellow fever) ko rigakafinta tunda ƙwayoyinsu dangi ne. Shi ya sa in ba ka riƙe ranar da zazzaɓin ya fara ba, nemi kaset mai haɗe da NS1 da IgM da IgG (shi ma na garkuwar jiki ne), ya fi tsada amma ya fi a yi sau biyu. PCR, mai gano ƙwayar cutar kanta a jini, shi ya fi tabbas a kwanakin farko, sai dai babban lab yake so irin na NCDC da ke Gaduwa a Abuja, ba abin shiga kemis a saya ba ne.

Abin da ba a faɗa, zafin garinmu. Yawancin kaset ɗin nan an rubuta a kwalinsu kar su wuce digiri 30, mu kuwa Afrilu muna haura 40, kaset ɗin da ya kwana biyu cikin shago mai rufin kwano ba wuta ba fanka zai iya yi maka ƙarya. Tambayi inda anka aje shi, duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a yage ledar gabanka, kuma in layin da ke wurin harafin C jikin kaset ɗin bai fito ba gwajin ya ɓaci a sake.

Ko wanne ka zaɓa, in ya nuna dengi ba ka tsira daga allura gaba ɗaya ba, dole a riƙa duba PCV (yawan jajayen ƙwayoyin jini) da filatilet (ƙwayoyin da ke sa jini ya tsaya). Farasitamol kawai da ruwa da ORS, ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac don suna ƙara zubar jini. Kuma ranar da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana 3 zuwa 7, nan ne haɗarin yake, in kun ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, haɓo ko jini a dasashi, yaro ya yi laushi, ku ɗauke shi asibiti a daren, kar ku jira safe.