Zauren Rakiyar Ɗalibai Zuwa Jami'a a Garwa: Abin da Na Gani Cikin Shekara Biyu

Ranar da sakamakon bakaloreya, wato jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ya fito aka ga sunan ɗiyar ƙanena marigayi cikin waɗanda suka ci, mun yi murna har dare, amma da gari ya waye sai na tarar babu ko mutum ɗaya a gidanmu da ya san abin da ake yi bayan wannan. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, karatuna na allo ne da 'yan shekaru a firamare, mahaifiyarta kuwa tana ƙauye a wajen Pitowa, ba ta taɓa shiga aji ba. Wani maƙwabcina a kasuwa ne ya nuna mini wani zaure da ke gefen masallacin unguwarmu, ya ce in kai ta can. Yanzu shekara biyu ke nan muna hulɗa da wurin, kuma ina ganin na san shi sanin da zai ba ni damar faɗin alherinsa da gazawarsa ga iyayen da za su tsinci kansu inda na tsinci kaina.

Zauren ba makaranta ba ne, ba kuma ofishin gwamnati ba ne. Haɗin gwiwa ne tsakanin 'yan kasuwar unguwa masu zuba kuɗi, da ƙungiyar adashen mata da ta kama hayar gida don 'yan mata a kusa da jami'ar Ngaundere, da tsofaffin ɗalibai da wasu malaman jami'a 'yan asalin unguwar masu ba da lokacinsu kyauta, sai mai unguwa da limami da ke tsayawa a matsayin shaidu. Ana buɗe shi kullum daga fitowar sakamako har zuwa lokacin komawa karatu a wajen Oktoba, bayan haka sai ranar Asabar kaɗai. Kayan aikinsu tebur biyu ne, da kwamfuta biyu, da injin buga takarda, da wani babban littafi da ake rubuta sunan kowane ɗalibi da abin da ya rage masa.

A zamanin da muke samari, wanda ya gama lise, wato babbar sakandare, a arewa sai ya kama hanyar Yawunde, ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ya kwana a ciki, kuma 'ya'yan manyan ma'aikata ne galibi ke iya wannan tafiya. An mai da cibiyar Ngaundere cikakkiyar jami'a a 1993, aka kafa ta Marwa a 2008, sannan a 2022 aka kafa tamu ta Garwa tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara tun daga gyaran 1993, gyaran da kuma ya kawo ƙarshen alawus ɗin da ake ba ɗalibai a da. Mai kallo daga nesa zai ce an gama magana, tunda ga jami'a a ƙofar gida kuma kuɗinta bai kai na wasu makarantun sakandare masu zaman kansu ba. Abin da na koya shi ne ba wannan kuɗin ne ke tsayar da ɗan talaka ba. Takardu ne ke fara tsayar da shi, sai wurin kwana, sai kuma zuciyar iyaye idan ɗalibin mace ce, kuma a kan waɗannan ukun ya kamata a auna zauren.

A fannin takardu ban ga kamarsu ba. Saurayin da ya karɓe mu bai fara da tambayar abin da take son karantawa ba, cewa ya yi, "Alhaji, a ba ni takardar haihuwarta ta asali da duk shaidar da ta taɓa samu tun daga firamare." Ya jera su a kan tebur, ta CEP ta kammala firamare, da ta BEPC ta ƙaramar sakandare, da ta furobatuwar da ake yi kafin ajin ƙarshe, da takardar makin bakaloreya, yana bin su da yatsa harafi bayan harafi, kuma cikin 'yan mintoci ya gano abin da mu ba mu lura da shi ba fiye da shekara goma: an rubuta sunan mahaifinta iri ɗaya a takardar haihuwa, an rubuta shi wani iri a ɗaya daga cikin takardun makaranta. Wannan ciwo ne da ya addabi mutanenmu, domin sunayenmu na Hausa da Fillanci da Larabci kowane magatakarda rubuta su yake yi da Faransanci yadda kunnensa ya ji, har suna ɗaya ya fito Aissatou a nan, Aichatou a can. Ga wanda bai sani ba abin ƙarami ne, amma harafi ɗaya yana iya sa a mayar da dosiyen konkur, wato takardun neman shiga jarrabawar takarar gurbin karatu, ko ya taso bayan shekara uku a ranar karɓar digiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su bar mu da bayani kawai ba. Sun rubuta mana takardar neman gyara, suka haɗa mu da wani tsohon ɗalibi da ya raka mu ofis bayan ofis, ya nuna mana inda ake sayen tambur, wato kan sarki, na gaskiya, da yadda ake buga hatimin tabbatarwa a kan kwafi, da abin da doka ta ce a biya, don kada wani ɗan tsakani a bakin ƙofa ya ninka mana. A gabana kuma aka kawo wani yaro da ba shi da sahihiyar takardar haihuwa, suka zauna da mahaifinsa suka warware masa yadda ake neman hukuncin kotu mai maye gurbinta da irin shaidun da zai kai. Rajistar farko ta intanet ma su suka cika, yarinyar na zaune tana karanta kowane layi kafin a tura, aka buga mata kwafi biyu, aka ce ɗaya ya zauna a hannuna. Duk wannan aikin ba su karɓi komai ba sai kuɗin takarda da tawada.

Darussan shirin konkur kuwa ba su kai wannan matsayi ba. Ɗaki ɗaya ne, ɗaliban kimiyya da na adabi a cakuɗe, rufin yana yoyo a tsakiyar damina, kuma tunda malaman sa kai suke yi, ranar da uzuri ya taso musu sai yara su zauna su watse. Yarinyarmu ta rubuta jarrabawar shiga karatun likita ba ta samu ba. Ba na ɗora musu wannan, domin gurabe kaɗan ne kuma duk ƙasa ake takara, amma wanda yake da halin biyan darasi a wani wuri kada ya dogara da nasu kaɗai. Na yaba musu dai da suka matsa mata tun farko ta yi rajista a tsangayar kimiyya ta Ngaundere a matsayin madogara, don kada shekarar ta tafi a banza.

A nan ne babbar matsala ta taso, kuma a nan ne na ga amfanin haɗa mata a cikin wannan tafiya. Mahaifiyarta ta ce ba ta yarda ba. Jami'ar tana Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin garin Ngaundere, garin kuma yana nesa da mu da kilomita kusan 280, kuma labarin da ke isa ƙauye game da ɗakunan hayar ɗalibai ba mai daɗi ba ne. Ga kuma wanda ya fito neman aurenta. Ban ga laifin uwar ba, domin ita kaɗai ce 'yarta mace, kuma duk abin da na faɗa mata a kunnenta maganar namiji ce wanda bai san zafin haihuwa ba. Da na koma zauren na faɗi halin da ake ciki, sai suka ce in bar musu. Bayan kwana uku mata biyu daga ƙungiyar adashen suka hau mota suka tafi ƙauyen da kansu, ɗayarsu ita ce dattijuwar da ke zaune da 'yan matan a Dang. Ba su yi mata wa'azi a kan amfanin boko ba. Dattijuwar cewa ta yi, "Yaya, zo ki ga ɗakin da za ta kwana da idonki, in bai yi miki ba ki dawo da abarki." Ƙungiyar ta biya mata kuɗin mota, ta je ta kwana biyu a gidan, ta dawo ta ce a tafi da ita.

Ni ma na je na gani. Gida ne mai katanga da ƙofa ɗaya, 'yan mata uku a kowane ɗaki, da rijiya a tsakar gida, da wurin salla, ana kulle ƙofa bayan isha'i sai ga wadda ta sanar cewa tana da darasin yamma. Girki na karo-karo ne: kowace tana kawo masara ko dawa ko gyaɗa daga gida a farkon zango, abin da ya fi wa manomi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a ce ya aiko da kuɗi duk wata. Dattijuwar tana kiran iyaye a waya idan yarinya ta yi zazzaɓi, ita ce kuma ta ce mu saya mata bargo da rigar sanyi, tunda wanda ya tashi a zafin bakin Binuwai bai san sanyin tudun Adamawa ba sai ya kwana a cikinsa. Cunkoso akwai shi, wutar lantarki tana yawan ɗaukewa, tebur ɗaya ne na karatu ga gidan duka. Amma a zuwana na biyu da yarinyar ta ce mini, "Baffa, nan kamar gida nake," na san kuɗin hayar da matan nan suke tarawa daga adashensu bai faɗi ƙasa banza ba.

Batun kuɗi ne inda nake da ƙorafi na gaske. Tallafin da zauren ke bayarwa rance ne marar ruwa, ba kyauta ba, ana biyan kuɗin rajista da rabin haya, iyali su mayar a hankali, kuma wannan tsari ya yi mini daidai domin shi zai sa asusun ya kai ga na baya. Sai dai riƙon lissafin bai da ƙarfi. Sau biyu na kai biya ba a ba ni rasit ba, an dai rubuta a littafi, kuma ranar da mai riƙe da littafin ya yi tafiya babu wanda ya iya gaya mini abin da ya rage a kaina. Mafi muni, a shekarar farko kashi na biyu na kuɗin rajista ya makara saboda wasu masu alkawari ba su cika a kan lokaci ba, ba a kuma sanar da mu ba sai da jarrabawa ta matso, na nemo kuɗin cikin gaggawa na aika. Ni ina da rumfa da zan juya. Marainiyar da ba ta da kowa a kasuwa da ta rasa zangon. Ban zargi kowa da cin amana ba, amma dukiyar jama'a tana bukatar rasit mai lamba da sanarwa a rubuce, kuma na faɗi haka a gaban kwamitin.

Akwai kuma sharaɗin cewa sai wani sananne a unguwa ya tsaya wa ɗalibi kafin a ba shi rance ko ɗaki. Na fahimci dalilinsa, amma sharaɗin yana rufe ƙofa ga waɗanda suka fi kowa bukata. Tun daga 2014 da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, iyalai da yawa sun baro garuruwansu, makarantu sun rufe, takardu sun ƙone ko sun ɓace. Ɗan gudun hijirar Najeriya da ke sansanin Minawawo yana da aƙalla ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wato tallafin DAFI da Jamus ke ɗaukar nauyinsa ta hannun hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1992, ko da yake ba kowa ke samu ba. Ɗan ƙasa da ya gudo daga wajen Kolofata ya sauka a gefen Garwa ba ya cikin wannan rukuni. Na ga irinsa a zauren da bakaloreyarsa a hannu, an cika masa takardu da mutunci, amma da aka zo maganar rance aka ce ya nemo mai tsaya masa, ya fita bai dawo ba. Haka nan yaran ƙauye da ba su da dangi a gari, da waɗanda furobatuwar ta kayar tun kafin su kai ajin ƙarshe, zauren bai san da zamansu ba, domin jira yake a zo, ba ya fita nema.

Bayan an shiga jami'a ma hannunsu yana sakewa da wuri. Tsarin LMD, mai shekara uku kafin digirin farko, yana tafiya ne da tara maki darasi bayan darasi, kuma yaron da babu wanda ya taɓa yin jami'a a gidansu ba ya gane nauyin darasin da ya bari a baya sai ya tare masa hanya. Tamu ta faɗi darussa biyu a zangon farko, ta ɓoye mana saboda kunya, kuma wata babbar ɗaliba a gidan ce ta nuna mata yadda ake rajistar jarrabawar cike giɓi, ba wani tsari na zauren ba. Da za a ɗora wa kowane tsohon ɗalibi sababbi biyu ko uku ya riƙa bibiyarsu, da an toshe wannan ba tare da an kashe ko dala ba. Yanzu tana shekara ta biyu, ba ta da bashin darasi.

Ga wanda zai je, kada ya jira Satumba lokacin da layi ke kaiwa bakin titi kuma ɗakunan Dang sun cika. A je a makon farko bayan fitowar sakamako, da takardar haihuwa ta asali da dukan takardun makaranta tun daga firamare, a nemi rasit a kan kowane biya, a rubuta ranar kashi na biyu a ajiye rabin kuɗinsa a gefe ko da an yi alkawarin biya. Idan ɗalibar mace ce, a tafi da mahaifiyarta tun zuwan farko, a ce a haɗa ta da matan ƙungiyar.