Wata uku da na damƙa tallar kifina a hannun wani matashi

Bandar kifi nake sayarwa a Birnin Kebbi. Daga Yauri ake kawo mini tarwaɗa da karfasa, in an dace har da giwan ruwa, ni kuma in gyara in jera a kwali. Shekaru na yi ba ni da shagon da ya wuce sitatus ɗin WhatsApp, shi kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma masu ganinsa su ne dai masu lambata: dangi, ƙawayen Islamiyya, da 'yan "a ba ni zuwa ƙarshen wata".

Ƙanwar maigidana ce ta haɗa ni da wani matashi mai ɗan ofis a cikin gari, wanda ke yi wa ƙananan 'yan kasuwa talla a intanet. Ba zan kama sunansa ba, don abin da zan faɗa akwai zuma akwai maɗaci. Ya caje ni naira 15,000 na bidiyo uku, sai 20,000 duk wata na riƙe mini shafi.

Kuɗin bidiyon nan ban taɓa nadamarsu ba. Ranar da ya zo, na nuna masa hotunan da nake ɗauka a tsakar ɗaki, ya yi shiru, can ya ce, "Hajiya, wanga kifi ya fi wanga hoto kyau nesa ba kusa ba." Ya sa aka fito da kwandon tsakar gida da hantsi, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ce in ɗauki tarwaɗa guda in karya ta a gaban waya. Ƙarar karyewar da farin naman ciki su yake so, don duk macen da ta san kifi da su take gane ya bushu ko an yi masa bandar gaggawa. Na gaya masa tun farko maigida bai yarda fuskata ta fita a TikTok ba. Ko gardama bai yi ba, ya ce hannu da murya sun wadatar. Wannan kaɗai ya sa na ga girmansa, domin na san waɗanda aka matsa wa sai sun fito suna rangwaɗa kafin a ce talla ta yi.

Inda muka ja da shi wajen farashi ne. Ni 'yar ciniki ce, na saba a taya in ce albarka. Shi kuwa ya kafe sai na faɗi kuɗin ƙaramin kwali da babba a cikin bidiyon, har da kuɗin mota zuwa Kaduna da Abuja. Hujjarsa ita ce TikTok yana kai bidiyo gaban mutanen da ba su bin ka, ba su san ka ba, kuma wanda ke zazzaga waya da babban yatsa ba zai tsaya tambayar nawa ba, gaba zai yi. Na bi maganarsa ina gunaguni, ashe gaskiya gare shi. Ya kuma mayar da lambata kan WhatsApp Business, ya jera kayan da farashinsu, ya saka gaisuwar da ke amsa wa mutum da kanta in ina kicin. Bidiyo na biyu ya kawo mini masu saye daga Sakkwato da Minna, da wata 'yar Argungu da ke aure a Legas, wadda ta ce ƙarar kifin ce ta tuna mata gida. Har yau duk wata sai na kai mata kwali tasha.

Riƙon shafin ne ya ba ni haushi. Da farko ya bubbuɗe mini shafuka a ko'ina, har da Threads, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2023, wai gara in riga kowa shiga. Na riga kowa ɗin kuwa, na zauna ni kaɗai, don masu sayen kifina ba can suke ba. Sai rubutun da yake sakawa ƙarƙashin hotuna, duk Turanci ne mai ƙyalƙyali, alhali matan da ke kirana da Hausa suke tambaya ko akwai ƙaya da yawa.

Wata safiya ya kira ni da murna, wai in duba. Mabiyana sun tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai zuwa sama da dubu shida a kwana biyu. Na yi ta hamdala, har na ƙara oda daga Yauri. Mako ya zagayo babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya tambayi farashi. 'Yata ce ta zauna ta buɗe sunayen, ta ce, "Mama, waɗannan ko hoto ba su da shi, wasu ma ba da haruffanmu aka rubuta sunansu ba." Sayo su ya yi. Da na tsare shi bai musa ba, ya ce mutane sun fi yarda da shafi mai jama'a. Wataƙila ɗan siyasa ya amfana da hakan, yana da su cikin masu ba shi aiki, amma ni kwali goma na yi ta sake shanyawa don kada ƙwari su shiga. A lokacin kuma masu tambaya na gaskiya sai su kwana biyu ba amsa, saboda shi kaɗai ne a kan shafukan mutane da yawa.

Da na ce na dakatar da biyan wata-wata, sai na gano da lambarsa da imel ɗinsa ya buɗe komai. Bai hana ni ba, amma sai da na yi mako biyu ina sintiri kafin shafin ya dawo sunana. Duk mai zuwa wurinsa, ko wurin irinsa, ta tsaya a buɗe da layinta tana kallo. Ni dama ina da littafin da nake rubuta lambar duk wanda ya taɓa saye, tun 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, na ga yadda 'yar uwata mai turaren wuta a Gusau ta rasa hanyar samun mutanenta.

Yanzu 'yata ke ɗauka da wayarta da hantsi kamar yadda ya koya mana, ni kuma ina amsa saƙo da kaina bayan sallar Isha'i, muna lallaɓa data tunda kuɗinta ya tashi a 2025. Shi kuma na riga na gaya masa ya ware mini rana ɗaya kafin azumi, ya zo ya yi mini bidiyo uku na giwan ruwa, in biya shi a hannu mu rabu a nan.