Shagon tsofaffin kayan katako a Agege da teburin dukancina

Duk wanda yake son keɓe wani lungu a gidansa don aikin hannu na sha'awa, kamar dukanci ko gyaran rediyo, abin da zai fara buƙata shi ne teburi mai nauyi wanda ba ya rawa idan an buga guduma a kansa. Samun irinsa sabo a Legas yana da wuya, domin da yawa daga cikin teburan da ke kasuwa yanzu da allon MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam. Danshin iskar garin nan yakan haura kashi 80 cikin ɗari, musamman a watan Yuni da ruwan sama ya fi ƙarfi, kuma irin wannan allo da zarar ya sha laima sai ya kumbura, kusoshinsa su saki.

Wannan ne ya kai ni wani shagon kayan gwanjo a Agege, wanda wani dattijo ɗan Arewa yake riƙe da shi, inda yake tara teburan ofisoshin da suka tashi da ƙofofin tsofaffin gidajen da aka rushe. Abin da ya sa nake yaba masa shi ne gaskiyarsa game da katako. Da na nuna wani teburi mai sheƙi, Alhaji da kansa ya juya shi ya nuna mini gefen da ya fara kumbura, ya ce ba zai jure aikin fata ba. Sai ya jawo wata tsohuwar ƙofa mai kauri ta iroko, wani katako mai ƙarfi, ya ƙwanƙwasa ta don in ji babu rami a cikinta, ya kuma koya mini duba ƙananan huji da garin katako a ƙasan kaya, waɗanda su ne alamar ƙwaro. Tsohon katako irin wannan ya gama bushewa tun da daɗewa, saɓanin wasu sababbin allunan kasuwar katako, waɗanda sukan lanƙwashe bayan an gama aiki da su saboda ɗanyantaka.

Kafintan shagon ne ya sa wa ƙofar ƙafafu, ya goge ta da sanfefa, ya shafa wa ƙafafun Solignum, maganin da ake shafa wa katako saboda gara. Na nemi tsayin ya kai santimita 90, domin teburin ofis yakan tsaya wajen 75, kuma mai yankan fata a tsaye bayansa yana wahala a kan gajeren teburi. Na haɗa da wata durowa mai aljihuna da yawa, wadda yanzu take ɗauke da basilla da zare da guntayen fata.

Shagon yana da nasa aibin. Rabin kayan a waje suke ƙarƙashin tamfol, shi ya sa kabad-kabad na ƙarfe da na gani duk sun yi tsatsa daga ƙasa, kuma ban ba kowa shawarar sayensu ba. Ba sa kai kaya gida, sai mai saye ya nemi mota da kansa, kuma abin da aka fitar ba a mayar da shi. Saboda haka mai niyyar zuwa ya auna faɗin ƙofar ɗakinsa da lungun da zai ajiye teburin kafin ya fito, ya kuma je da safe, lokacin da kafinta yake nan kuma akwai hasken duba katako sosai.