Gyaran tsohuwar mota a Ingila: lissafin da ya bambanta da namu

Yaya, barka da war haka, da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni me ya sa mutanen nan suke rabuwa da motar da mu za mu ce yanzu ta fara aiki. Ba almubazzaranci ba ne. Ina Birmingham da wata tsohuwar Toyota mai shan fetur, kuma lissafin da yake sa su yin haka ya zo kaina bana.

A nan hannun bakanike ya fi ƙarfe tsada. Da awa ake lissafa ladan aiki, kuma yawancin garejoji suna ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan aikin da kayan gyaran baki ɗaya. Saboda haka ba wanda zai zauna ya kwance maka kik ko altaneta ya nemo ɗan abin da ya ƙone a ciki. Cirewa zai yi ya sa wani, domin awa biyun da zai ɓata wajen gyara ta fi sabon tsada. Wallahi duk lokacin da na ga haka sai na tuna kanikawanmu na gida, waɗanda za su kasa kunne su saurari ƙarar inji su gaya maka inda ciwon yake. Wannan basirar ba mu ba ta darajar da ta kamace ta, kuma sai da na bar gida na san haka.

Samun bakaniken kansa aiki ne. Ba ka shiga gareji kai tsaye ka ce a duba maka. Waya za ka buga a ba ka rana, wani lokaci sai mako ya zagayo. Idan ka kai motar, makulli za ka miƙa ka tafi, ba a barinka ka tsaya a kan aikin. Akwai garejin dillalan kamfani, su ne mafi tsada. Akwai ƙananan garejoji na unguwa, akwai kuma masu zuwa har ƙofar gida da kayan aikinsu a mota. Ni dai shawarar direbobin tasi na bi, domin mutumin da motarsa ce abincinsa ba ya komawa wurin wanda ya cuce shi.

Inda suka fi mu shi ne rubutu. Kafin a taɓa motar kana iya cewa a rubuta maka abin da za a yi da kuɗinsa, ka kuma gindaya sharaɗin kada a ƙara komai sai an kira ka. Bayan aiki a ba ka rasit mai nuna kowane abu da aka sa. Idan ka nemi tsohon da aka cire, a nuna maka. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ce dole a yi aikin da kulawa da ƙwarewa, in ba haka ba kana da hakkin a sake shi. Da za mu ɗauki wannan ɗabi'ar a gida, da rabin rigimar mai mota da bakanike ta mutu.

Amma abin da yake kashe tsohuwar mota a ƙasar nan shi ne gwajin lafiyar mota da ake kira MOT. Duk motar da ta cika shekara 3 dole a kai ta kowace shekara, kuma gwamnati ta kayyade cewa kuɗin gwajin ƙaramar mota kada ya wuce fam 54.85. Ana duba birki, fitilu, sitiyari, hayaƙin salansa, bel ɗin kujera, da taya, wadda zanenta bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. Tun 2018 ake kasa matsalolin gida uku: ƙarama, babba, da mai haɗari. Babba ko mai haɗari, mota ta faɗi ke nan. Tuƙi ba takardar shaidar cin gwajin kuma yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Duk sakamakon yana intanet kyauta, lambar mota kawai za ka sa ka ga tarihinta shekara da shekara, har da nisan tafiyar da ta yi. Ba mai sayar maka da mota ya ɓoye maka faɗuwarta ta bara.

Tawa a kan tsatsa ta faɗi. Injinta garau, giya ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi don kada ƙanƙara ta daskare ya cinye ƙarƙashinta kusa da inda ƙafar baya take riƙe. Mu a gida inji muke tambaya idan za mu sayi mota. A nan ƙasan bodi ake fara leƙawa. Mai walda zai iya yin faci, sai dai kuɗin da aka rubuta mini ya kusa kai abin da motar za ta yi a kasuwa. Bakaniken ya ɗaga ta sama, ya haska mini da tocila wasu wurare biyu da suka fara rubewa, ya ce in an toshe wannan bana, baɗi waɗancan ne za su kayar da ita. Aikin kuɗi ne a gare shi, amma ya ce kada in yi. Daga ranar na riƙe lambarsa.

Ba kowace faɗuwa ce take sa a jefar da mota ba. Birki, taya, batir, kulochi, duk abubuwan da suke ƙarewa ne ko a sabuwa, kuma gyara motar da ka san halinta ya fi sayen gwanjon da ba ka san cikinta ba. Sai dai akwai wani lissafin. Tun 2021 tsakiyar Birmingham ta zama yankin tsaftace iska, motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 8 a rana. A Landan fam 12.50 ne, kuma tun Agustan 2023 ya game dukkan unguwannin birnin. Abin ya fi taɓa masu dizal da aka ƙera kafin ƙarshen 2015. Mai irin wannan motar ko ya gyara ta tsaf, kuɗin shiga gari zai ci gaba da cinsa.

Na san za ka ce in turo ta gida. Sitiyarinta a dama yake, kuma kuɗin jirgin ruwa da kwastan zai ninka darajarta. Wurin masu farfasa motoci da gwamnati ta ba lasisi zan kai ta. Doka ta hana su biyan kuɗi a hannu, ta banki za su turo, su ba ni takardar shaidar an lalata ta, in sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, ta cire sunana. Wadda zan saya a madadinta, shi wannan bakaniken zai fara ɗaga ta ya duba ƙasanta kafin in biya ko sisi. A gaida Inna da yara.