Haihuwa a Murtala ko a Malam Aminu Kano: waye ke biya, waye ke da iko

Ɗan uwa da ka tambaya cewa iyalinka na da juna biyu, an ce maka a asibitin Murtala haihuwa kyauta ce amma a asibitin Malam Aminu Kano sai ka biya, kana mamaki tunda duk na gwamnati ne. Allah ya sauke ta lafiya. Duk na gwamnati ne amma ba gwamnati ɗaya ba.

Asibitin Murtala na jihar Kano ne, yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha, albashin likitoci da ungozomomi daga kasafin jiha yake fitowa. Tun 2001 Kano ta ce awo da haihuwa kyauta ne a asibitocinta. Toh amma safar hannu da allurai da ruwan da za a ƙara mata da zaren ɗinki ai sai wani ya saye su, in gwamnati ta saki kuɗi a kan lokaci kayan suna nan ba za ka biya ba, in ta yi jinkiri sai nas ta rubuta maka takarda ka fita kemis, kai kuma ka ɗauka ita ce ta cinye alhali sito ne babu komai. Wannan ne yake min ciwo wallahi, ma'aikaciyar da ta kwana a tsaye ita ke shan zagi, wanda ya riƙe kuɗin yana ofis ba ya jin ko ɗaya. Ga cunkoso kuma, tunda mata daga ƙananan hukumomi 44 can ake turo su in abu ya rikice.

Malam Aminu Kano kuwa na tarayya ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Bayero, an kafa shi a 1988, Ma'aikatar Lafiya ta Abuja yake amsa wa, gwamna ba shi da ikon ce masa ya yafe ko sisi. Abuja na biyan albashi, amma kuɗin kati da gwaji da sikanin da tiyata da kuke biya da shi ake sake sayo kaya, shi ya sa da tsada. Abin da kake samu a madadin kuɗinka shi ne manyan ƙwararru da ɗakin jariran da aka haifa bakwaini. In kana da inshorar lafiya ta tarayya wato NHIA nauyin zai ragu sosai, haka ma'aikacin jiha yana da ta taimakekeniya wato KSCHMA, sai ka duba asibitin da ka zaɓa a katinka.

A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma fa a asibitocin da aka sa cikin shirin ne, don haka ka tambaya tun ranar awo ba ranar naƙuda ba.

Akwai na uku da muke rainawa, asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Hukumarsa daban, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, daga ciki wasu asibitocin sha-ka-tafi ke samun kuɗi kai tsaye.

Ni a ganina in cikin lafiya lau yake ta yi awo a kusa da gida ko asibitin jiha, ka ajiye ɗan kuɗi a gefe ko da an ce kyauta ne. In tana da hawan jini, ko ta taɓa jijjiga, ko an taɓa yi mata aiki, kar ka tsaya lissafi, ka kai ta inda akwai likitan mata dare da rana, sannan ka tanadi 'yan uwa biyu da za su ba da jini tun wata na takwas. Ƙorafi kan asibitin jiha Hukumar Asibitoci ake kai wa, na tarayya kuma ofishin SERVICOM mai karɓar koke da ke cikin asibitin.